Imamu Gazali Da Neman Tushen Sani

An haifi Abu Hamid Muhammadu al-Gazali a Ɗusa, cikin ƙasar Farisa, a shekarar 1058 Miladiyya. Ya yi karatu wurin Imamul Haramaini a Naisaburi, sa'an nan a 1091 Waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi bisa kujerar koyarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza.

Tambaya ɗaya ta hana shi sakat: daga ina tabbataccen sani yake zuwa? Ya jarraba ido, ya tarar yakan nuna inuwa a tsaye alhali tafiya take yi. Ya koma ga hankali, sai ya tuna mai mafarki yakan gaskata mafarkinsa har ya farka. Wajen wata biyu yana cikin wannan kokanto. A littafinsa Almunƙizu Minal Dalal ya bayyana cewa hasken da Allah Ya jefa a ƙirjinsa ne ya warkar da shi, har ya sake amincewa da hukuncin hankali.

A 1095 ya bar muƙami da dukiya, ya nufi Dimashƙa neman tsarkake zuciya. Ya rasu a Ɗusa a 1111. Allah Ya jiƙansa, amin.