Malam Aminu Kano: Jagoran talakawan da ƙuri'un jiharsa suka kai zaɓen 1979 Kotun Ƙoli

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta, 1979, marigayi Malam Aminu Kano ya zo na huɗu ne cikin 'yan takara biyar. Sai dai ƙuri'un da Kanawa suka ba shi su ne suka haddasa taƙaddamar lissafin da ta fi kowace shahara a tarihin zaɓe a Nijeriya, wato rigimar sha biyu da biyu bisa uku.

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai na zuriyar Fulani Genawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin fiƙihu ne da ya yi aikin mufti a kotun Alƙali. Bayan karatun allo ya shiga firamaren Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942. Ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi, kuma a can ne ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Balewa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, har zuwa 1950 da ya ajiye aikin gwamnati ya rungumi siyasa. A shekarar ce aka kafa jam'iyyar NEPU, ranar 8 ga Agusta, shi kuma ya zama shugabanta a 1953.

Tun a zaɓen farko da NEPU ta shiga, a 1951, ya ga yadda ƙa'idar ƙirga ƙuri'a ke iya rinjayar abin da jama'a suka zaɓa. Zaɓen hawa-hawa aka yi a Arewa: masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gaba da su, har a kai ga taron ƙarshe na lardi da zai fitar da 'yan Majalisar Dokokin Arewa. A matakan ƙasa NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano. Amma doka ta bai wa hukumar En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100, a taron ƙarshe, kuma da aka kai can NEPU ba ta tsira da ko kujera ɗaya ba. Daga nan neman zaɓe kai tsaye, da ƙuri'ar sirri, da bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, suka zama jigon gwagwarmayar jam'iyyar, wadda magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e.

Sai a 1959 ya samu shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya daga mazaɓar Kano ta Gabas, ya rasa kujerar a 1964. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, daga baya kwamishinan lafiya har zuwa 1974.

Da sojoji suka ɗage haramcin siyasa a 1978, Malam ya jagoranci kafa PRP, ya tsaya takara tare da Sam Ikoku a matsayin mataimaki. Sabon tsarin mulki ya zo da shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, amma bai ɗauko hanyarta ta zaɓe ba. A Amurka kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe, jimillarsu 538, wanda ya samu 270 shi ne shugaba ko da abokin takararsa ya fi shi yawan ƙuri'un jama'a. A 2000 ratar ƙuri'a 537 a jihar Florida ce ta raba gardama. Nijeriya kuwa ta gindaya sharaɗi biyu: ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kowace daga cikin kashi biyu bisa uku na jihohi. Manufar ita ce kada wani ya hau mulki da ƙarfin yankinsa kaɗai. Abin da masu rubuta dokar ba su tsaya a kansa ba shi ne jihohin 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa uku.

Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN 4,916,651, Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP 2,822,523, Malam Aminu 1,732,113, sai Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP da 1,686,489. Shagari ya haye kashi 25 a jihohi 12, ciki har da Neja inda ya yi gagarumin rinjaye. Jiha ta 13 da ya fi kusanta ita ce Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. A nan Malam ya kwashe sama da kashi 76, ya bar wa Shagari kashi 19.94.

In da an ɗauka jihohi 13 ake buƙata, babu wanda ya ci. Dokar lokacin ta tanadi cewa 'yan majalisun tarayya da na jihohi su zauna su zaɓi ɗaya daga cikin 'yan takara biyu da ke kan gaba. NPN ba ta da rinjaye a majalisar ƙasa: sanatoci 36 cikin 95, wakilai 168 cikin 449. PRP na da sanatoci 7 da wakilai 49, ban da 'yan majalisun Kano da Kaduna. Da an je wannan zagaye, mutumin da zaɓen wakilai ya hana wa kujera a 1951 zai kasance cikin waɗanda kowa ke zawarci.

Ba a je ba. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kawo hujjar cewa biyu bisa uku na 19 sha biyu ne da biyu bisa uku, don haka a jiha ta 13 kashi ɗaya cikin huɗu na biyu bisa uku na ƙuri'un kawai ake nema. An jefa ƙuri'a 1,220,763 a Kano. Biyu bisa ukunsu 813,842, rubu'in wannan kuma kimanin 203,460, alhali Shagari na da 243,423. Hukumar zaɓe ta FEDECO, ƙarƙashin Cif Michael Ani, ta amince da lissafin ta ayyana Shagari. Awolowo ya garzaya kotu, kuma ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatai-Williams ta tabbatar da zaɓen, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Raunin lissafin a fili yake, domin an rage jimillar ƙuri'un Kano amma an bar na Shagari cikakku. Duk da haka kwana biyar ya rage sojoji su miƙa mulki, kuma an rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Sharaɗin yana nan a sashe na 134 na tsarin mulkin 1999. Jihohi 36 suna rabuwa uku, sai gardamar ta koma kan matsayin Abuja a zaɓen 2023.

Nasarar PRP ba ta zo wa Malam da kwanciyar hankali ba. Gwamnoninta biyu, Alhaji Abubakar Rimi na Kano da Alhaji Balarabe Musa na Kaduna, sun shiga tarurrukan gwamnonin adawa ba da yardar uwar jam'iyya ba, ta dare gida biyu: Taɓo na Malam, Santsi na gwamnonin. Majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981.

Malam na shirin sake takara, da mace a matsayin mataimakiya, Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. Malam Hassan Yusuf ne ya maye gurbinsa a takarar, kuma a watan Agusta ɓangarensa ya karɓe gwamnatin Kano ta hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa, gidansa da ke Gwammaja kuma, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.