Gawo da Ɓaure: Labarin Rowland Bingham

Ya kai mai karatu, ɗan'uwana, ko kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san gawo. Da damina, sa'anda dukan itatuwan gona su ke kore shar, shi ya kan tsaya ba ganye, har baƙo ya ce ya mutu, a sare shi. Amma mutumin Gwarzo ko na Kabo ba ya sa masa gatari, gama ya sani da rani zai yi ganye, ya zub da 'ya'ya awaki su ci, dawar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta fi ta sauran gona. Zan ba ka labarin wani bawan Allah wanda aikinsa ya yi kama da gawo, sa'an nan kai da kanka ka duba wane irin itace ne kai.

An haifi Rowland Bingham a Ingila cikin shekara ta 1872. Tun yana saurayi ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi, ya ƙaura zuwa Kanada. A birnin Toronto wata dattijuwa ta gaya masa labarin ɗanta Walter Gowans, wanda ya ƙudura kai bishara ƙasar Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, har da tamu ta Hausa. Maganar ta hana Bingham barci. Ya tashi ya bi Gowans, wani kuma Thomas Kent, mutumin Amurka, ya zama na ukunsu. Suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba, 1893, ba wata ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kuwa kaɗan ne. Bingham bai cika shekara 21 ba tukuna.

Wani babban mai aikin bishara a Ikko ya faɗa musu ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai ko watakila jikokinsu. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kā da Bingham, ya zama dole ya zauna bakin teku yana aika wa 'yan'uwansa guzuri. Su biyu suka nufi arewa. Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, cikin 1894, Kent kuma ya rasu a Bida cikin wannan shekara. Cikin 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ba wanda ya tuba ta hannunsu, ba ɗakin sujada ko ɗaya, sai kaburbura biyu.

Cikin 1900 ya sāke zuwa. Zazzaɓi ya sāke kama shi a Ikko, aka mai da shi gida, abokan tafiyarsa kuma suka karai suka bi bayansa. Shekara bakwai ke nan ba amfani ko na dami ɗaya. Da mutum ne mai gonar, da ya ce a sare. Amma Bingham bai bar addu'a ba, bai bar kiran mutane ba. Cikin 1902 mutum huɗu da ya aika suka kafa zango a Patigi, bakin Kwara. Kafin shekara biyu ɗaya ya mutu, biyu suka koma gida da ciwo, ɗaya ya rage. Daga wannan ɗan tsiro aikin SIM ya kama ƙasa.

Bingham kansa bai zauna ƙasarmu ba. Rabonsa shi ne neman ma'aikata, da tara taimako, da rubutu, da kai ziyara, ya kuwa riƙe wannan rabo da aminci har tsufa. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Cikin 1933, shekara 40 bayan saukarsu Ikko, SIM ta sami wurin zama a Kano. Aka yi jiyyar kutare a Yadakunya, daga baya aikin ya iso Kabo da Karaye. Bingham ya rasu cikin Disamba, 1942. Cikin 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, cikin 1954 kuma ikilisiyoyin da suka fito daga aikin suka haɗu suka zama ECWA. Gawo ya yi 'ya'ya a kan lotonsa.

To, ɗan'uwana, ga abin da ya sa na rubuta maka. Akwai itacen da ya jinkirta 'ya'ya, akwai kuma wanda ya ƙi yi, Allah kuwa ya san bambancinsu. Cikin sura 5 ta Ishaya an kwatanta mutanen Allah da gonar inabi wadda mai ita ya gyara, ya tsince duwatsunta, ya dasa iri mai kyau, amma ta ba shi 'ya'ya marasa ciyuwa, wato zalunci a maimakon gaskiya. Sai ya rushe shingenta. Haka kuwa ya faru, gama wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya ƙone Urushalima, har da haikalin da su ke taƙama da shi. Cikin sura 13 ta Luka kuma Ubangijinmu ya ba da misalin ɓaure wanda ya shekara uku ba 'ya'ya. Mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda, ya yi masa kaftu ya zuba taki. Lura fa, shekara guda ya roƙa, ba har abada ba.

Mu ne ɓauren nan da aka yi wa kaftu. An sayi takinmu da rayukan mutane. Muna da Littafi cikin harshenmu, mun iya karatu, an yi mana baftisma. Ina 'ya'yan? Ganye muna da shi da yawa: sunan Kirista, da sabuwar riga ran Lahadi, da murya mai daɗi cikin waƙa. Amma kadan kana da mudu biyu a kasuwa, na saye da na sayarwa, ganye ne kawai. Kadan ka ci bashi da bazara ka yi ta ɓuya da kaka, ko ka sai da hatsin rumbu ka kai gidan burukutu, matarka da yara suna kwana da yunwa, ganye ne kawai. Kadan yaro ya yi ciwo ka lallaɓa wurin boka da dare, ko kana gaba da ɗan'uwanka saboda iyakar gona har kuna sujada ba kwa gaisawa, me maƙwabcinka zai gani ya girmama Allah?

Kada ka ce kai gawo ne, lotonka bai yi ba. Bingham ya jira amfanin aikinsa, amma bai jinkirta biyayya ba ko kwana ɗaya. Jinkirin girbi na Allah ne, jinkirin tuba kuwa naka ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami Urushalima an rubuta shi domin gargaɗinmu.

Amma kada ka fid da zuciya. Reshe ba ya 'ya'ya da ƙarfin kansa, sai yana manne da itace. Yesu Kristi shi ne mai roƙo dominka, shi ne kuma mai ba da rai. Ka koma gare shi yau. Ka yar da mudun ƙarya, ka biya bashin nan, ka je ƙofar ɗan'uwanka ka yi sallama kafin rana ta faɗi. Mai gona yana zuwa dubawa. Allah ya sa ya iske 'ya'ya a jikina da naka. Amin.