Tarihin Mary Anning, 'Yar Kafinta Mai Tonon Duwatsu A Bakin Teku

 A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Ingila ne, domin mu kawo labarin wata mata wadda ba ta taɓa zama a ajin sakandare ba, amma abin da ta tono da hannunta ya zama harsashin wani babban reshe na ilimin kimiyya, wato nazarin burbushin halittun da suka shuɗe. Sunanta Mary Anning.

Garinsu

An haife ta ran 21 ga Mayu, 1799, a wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku da ake kira Lyme Regis, cikin gundumar Dorset a kudu maso yammacin Ingila. Gaɓar tekun garin dogayen tuddai ne na baƙar laka da dutsen farar ƙasa, an jera su hawa-hawa. Masana sun ƙiyasta cewa shekaru kamar miliyan 200 da suka wuce wurin duk teku ne. Idan halittun ruwa suka mutu sai su nutse cikin laka, wata lakar ta binne su, a hankali ƙasusuwansu su zama dutse. To, idan hunturu ya zo da ruwan sama da guguwa, sai tuddan su jiƙa su zaftare, abin da ke ɓoye ya fito fili. Wanda bai hanzarta ya ɗauka ba, igiyar ruwa ta riga shi.

A zamanin da aka haife ta Ingila tana yaƙi da Faransa, saboda haka masu hali suka daina ƙetarawa Turai yawon hutu, suka koma kai iyalansu garuruwan bakin teku na gida. Lyme Regis na cikin waɗanda suka sami wannan kasuwa. Talakawan garin sukan tsinto duwatsu masu siffar katantanwa ko naɗaɗɗen maciji, su wanke su, su sayar wa baƙi a matsayin tsaraba.

Ƙuruciyarta

Mahaifinta Richard Anning kafinta ne, yana kuma haɗawa da wannan sana'a ta tsintar duwatsu. Shi da matarsa Molly sun haifi 'ya'ya goma, amma biyu kaɗai suka girma, Joseph da Mary. Ita ma saura ƙiris ta bi 'yan uwanta. A watan Agusta na 1800, tana da wata 15, wata maƙwabciya tana riƙe da ita a gindin bishiya tare da wasu mata biyu, sai tsawa ta faɗo. Matan uku suka mutu nan take, jaririyar ta rayu.

Iyayenta ba mabiya cocin gwamnatin Ingila ba ne, kuma a lokacin irinsu ba su da damar shiga manyan jami'o'in ƙasar. Ɗan karatu da rubutun da ta samu, a makarantar ranar Lahadi ta cocinsu ta same shi. Sauran iliminta a bakin teku ta koye shi, tana bin mahaifinta da kwando da 'yar guduma.

A watan Nuwamba na 1810 mahaifin ya rasu da tarin fuka, bayan ya taɓa faɗowa daga kan tudu ya ji rauni. Ya bar iyalinsa da bashi, har sai da suka koma karɓar taimakon da ake bai wa matalauta. Mary tana da shekara 11 a lokacin.

Abubuwan da ta tono

A 1811 yayanta Joseph ya tsinci wani ƙoƙon kai mai tsawon ƙafa 4, da dogon baki cike da haƙora. Mutanen gari suka ɗauka kada ne. Mary ta yi ta sintiri a wurin har tudun ya sake zaftarewa, a 1812 ta gano sauran jikin, wanda tsawonsa ya kai ƙafa 17. Wani attajirin yankin, Henry Hoste Henley, ya saya a kan fam 23, daga baya aka kai Landan aka baje shi ga masu kallo. Wannan halitta ita ce aka raɗa wa suna iktiyosoras, ma'ana kifi-ƙadangare. Wani likita mai suna Everard Home ya rubuta maƙaloli a kanta tun daga 1814, amma bai ambaci yaran da suka tono ta ba.

Duk da haka talauci bai sake su ba. A 1820 wani tsohon soja da ke sayen kayansu, Laftanar-Kanar Thomas Birch, ya ga halin da suke ciki, har suna shirin sayar da kayan ɗaki don biyan kuɗin haya. Sai ya kwashi duwatsun da ya tara ya yi gwanjonsu a Landan, aka sami kimanin fam 400, ya taimaki iyalin da kuɗin. Wannan gwanjo ne ya sa masana na Turai suka fara jin sunan gidan Anning.

A watan Disamba na 1823 ta tono cikakken ƙwarangwal na farko na filesiyosoras, wata halittar ruwa mai ɗan ƙaramin kai, da ƙafafu huɗu kamar filafilan kwalekwale, da wuya mai tsawon gaske. Da zanen ya isa Faris, shahararren masanin nan Georges Cuvier ya yi zargin cewa haɗa ƙasusuwan aka yi don a yaudari masu saye. Da zargin ya tabbata, da sana'ar gidansu ta mutu ke nan, domin ba wanda zai ƙara amincewa da su. A watan Fabrairu na 1824 William Conybeare ya gabatar da ƙwarangwal ɗin a taron Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan, aka tabbatar na gaske ne, Cuvier kuma ya janye zarginsa. Mary ba ta wurin, domin ba a barin mata su shiga, kuma mai jawabin bai faɗi sunanta ba.

A 1826, tana da shekara 27, ta tara abin da ya isa ta sayi gida mai kanti a gabansa. A ƙarshen 1828 ta tono ƙadangare mai fukafukai, na farko da aka samu a wajen ƙasar Jamus. A 1829 kuma ta samo wani baƙon kifi mai kama da kifin shak. Haka nan ita ce ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu da ake samu a cikin iktiyosoras, idan aka fasa su, akwai ƙayar kifi da ɓawonsa a ciki. Ta fahimci cewa kashin dabbobin ne ya daskare, kuma William Buckland na Jami'ar Oxford ya wallafa bayanin a 1829. Ta wannan hanya aka fara sanin abincin halittun da ba wanda ya taɓa gani da rai.

Ba tono kawai ta iya ba. Takan ari maƙalolin masana ta kwafe su da hannu har da zane-zanensu, takan kuma feɗe kifayen da masunta suka kamo don ta gwada jikinsu da abin da ta gani a dutse. Har ta kai manyan malamai suna zuwa garin takanas domin su bi ta bakin teku su ji ra'ayinta. Louis Agassiz na ƙasar Suwizalan ya ziyarce ta a 1834, ya kuma sa wa nau'in kifi biyu sunanta. A 1844 Sarkin Saksoni da kansa ya shiga kantinta ya sayi ƙwarangwal.

Muhimmancin aikinta shi ne, a wancan lokaci mutane da yawa ba su yarda cewa wani jinsin halitta zai iya ƙarewa ƙaf daga doron ƙasa ba. Ƙasusuwan da ta jera sun zama hujjar da ake gani da ido, a taɓa da hannu.

Wahalhalu da rasuwarta

Aikin yana da haɗari ƙwarai, saboda lokacin da tudu ke zaftarewa shi ne lokacin samu. A watan Oktoba na 1833 ƙasa ta rufto ta kashe karenta Tray a gabanta, ita kuwa da ƙyar ta tsira. Ciniki kuma yau akwai gobe babu. A 1830 abokinta na ƙuruciya, Henry De la Beche, ya zana hoton yadda tekun Dorset yake a zamanin waɗannan halittu, aka buga aka sayar, aka ba ta kuɗin. A 1835 ta yi asarar kusan fam 300, wato yawancin abin da ta tara, a wani jari da ya rushe. Buckland ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka yanka mata fam 25 a kowace shekara.

Ciwon daji na mama ya kama ta, ta rasu ran 9 ga Maris, 1847, tana da shekara 47. Ba ta yi aure ba. De la Beche, wanda ya zama shugaban Ƙungiyar Masana Duwatsu, ya yi jawabin yabonta a gaban mambobi, a 1850 kuma aka sa tagar gilashi mai zane a cocin garin don tunawa da ita. Amma ƙungiyar ba ta karɓi mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai a 1919.

Garin a yau

A 2001 hukumar UNESCO ta sa wannan gaɓa, mai tsawon mil 95, cikin wuraren tarihi na duniya. Gidan kayan tarihin garin yana daidai inda aka haife ta, manyan ƙwarangwal ɗinta kuma suna Gidan Tarihin Halittu na Landan. A 2022 aka kafa mutum-mutuminta a bakin teku, ita da karenta, bayan wata yarinya 'yar makaranta ta gundumar Dorset ta tayar da maganar tara kuɗin. Har yanzu iyalai suna kai 'ya'yansu hutu Lyme Regis da maƙwabcinsa Charmouth su tsinci duwatsu. Ƙa'idar ita ce a fita lokacin da ruwa ke janyewa, a tsinci abin da ke zube a kan yashi, a nisanci gindin tudu.

Mu ma ƙasarmu ba a bar ta a baya ba. A yankin Sakkwato an tono ƙasusuwan wani ƙadangaren teku wanda masana suka sa wa sunan garin Goronyo, a hamadar Nijar kuma, wajen Gadufawa, an tono manyan dabbobin da suka shahara a duniya. Wa ya sani ko akwai yaro ko yarinya a ƙauyukanmu da ke tsintar irin waɗannan duwatsu ba wanda ya kula?

'Yan uwa, kowannenmu zai iya tuna wani ɗan ajinmu mai kaifin basira da ya bar makaranta saboda rasuwar uba ko rashin kuɗin jarrabawa. Da Kanar Birch ya yi tausayi a baki kawai ya wuce, mai yiwuwa da ba mu ji labarin filesiyosoras daga hannun Mary ba. Saboda haka idan aka zo maganar tallafa wa ɗaliban makarantarmu marasa galihu, maza da mata, mu tuna da wannan. Masu rubuce-rubuce a cikinmu kuma su riƙa ambaton wanda ya yi musu wahalar aiki, kome ƙanƙantar matsayinsa.