Steve Owen: shekaru 23 yana horar da Giants ba tare da takardar kwantiragi ba

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga, akwai 'yan wasan da ba safai ake rera sunansu ba. Su ne ƙartin sahun gaba, waɗanda aikinsu shi ne tare abokan hamayya da ƙirji don wasu su samu hanyar wucewa da ƙwallo. Daga cikinsu Steve Owen ya fito.

An haife shi a 1898 a Cleo Springs da ke yankin Oklahoma, ya kuma yi wasa a Jami'ar Phillips da ke Enid. Ya shiga gasar ƙwararru ta NFL a 1924 da wata ƙungiya ta Kansas City, kafin New York Giants ta saye shi a 1926 a kan dala 500. Shekara guda bayan haka, yana kyaftin, ƙungiyar ta ɗauki kofi, inda maki 20 kacal aka zura mata a wasanni 13.

A 1931 iyalan Mara, masu ƙungiyar, suka damƙa masa aikin koci. Ba a rubuta wata yarjejeniya ba. Musafaha kawai aka yi, kuma a kanta ya yi aiki har shekara 23.

Owen bai ba su kunya ba. Ya kai Giants wasan ƙarshe sau takwas, ya ci biyu, a 1934 da 1938. Na 1934 ne aka fi tunawa. Filin Polo Grounds ya daskare da ƙanƙara, kuma Chicago Bears, wadda ba a doke ta ba duk kakar, tana gaba da maki 13 da 3. Owen ya amince da shawarar a aro takalman ƙwallon kwando daga Kwalejin Manhattan, domin roba ta fi kama ƙanƙara. Giants ta ci maki 27 a zangon ƙarshe, aka tashi 30 da 13.

A 1950 ya ɓullo da tsarin tsaron da aka yi wa laƙabi da lema, inda 'yan baya huɗu ke buɗewa kamar lema don toshe ƙwallon da ake jefawa ta sama. Da shi ya doke Cleveland Browns 6 da nema, karon farko da aka hana ta cin maki ko ɗaya. Cikin 'yan bayan akwai Tom Landry, wanda daga baya ya gina nasa tsarin a kan wannan.

Amma wasan ya ci gaba da sauyawa, 'yan kallo suna son hare-hare masu armashi, shi kuwa tsaro ya fi ƙwarewa a kai. A 1953 Giants ta ci wasa uku, ta sha kashi a tara, aka sauke shi. Ya koma Kanada yana horar da ƙungiyoyi, har aka zaɓe shi gwarzon koci a can a 1962 tare da Saskatchewan.

Ya rasu a watan Mayun 1964. Bayan shekara biyu aka sanya sunansa a zauren gwarazan wasan da ke Canton, jihar Ohio.