Taƙaitaccen Tarihin Kyaftin Monteil da Gidansu

'Yan'uwa, cikin Faransawan farko da suka taka ƙasar Sakkwato, wanda sunansa ya fi fita shi ne Parfait-Louis Monteil. An haife shi a birnin Paris ran 18 ga Afrilu, 1855. Ya yi makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, daga nan aka tura shi aikin soja a Sanigal.

A shekara ta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan takarda, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. Masu ƙasa kuwa ba wanda ya shawarce su. Sai Faransa ta aiki Monteil ya bi layin nan da ƙafarsa. Shi da mataimakinsa Badaire suka bi ta Segu, da Wagadugu, da Dori, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka biyo ta Argungu, suka iso Sakkwato cikin Oktoba 1891, shekarar da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hau gado. Sarki ya karɓe shi, har suka ƙulla yarjejeniya.

Abin da ya kai wa gwamnatinsa shi ne, kamfanin Royal Niger na Ingilishi ba shi da iko a Sakkwato kamar yadda yake iƙirari. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta yi wa Faransa amfani ba. A 1898 aka sāke zama a Paris, aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka bar wa Ingila, Boɗinga da Shagari kuwa suna can cikin tsakiyarta. Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903. Gyaran iyaka na 1904 da 1906 shi ya bar Birnin Ƙonni a hannun Faransa. Dalilin ke nan yaranmu ke karatun Turanci, 'yan'uwanmu na Ƙonni suna na Faransanci, ga shi kuwa Hausa ɗaya muke yi.

Daga Sakkwato ya wuce Kano zamanin Sarki Bello, ya yi wata huɗu a Kukawa wurin Shehu Hashimi, ya ratsa Sahara ya isa Tarabulus cikin Disamba 1892. Daga baya aka tura shi yaƙi da Samori, ya ji rauni a 1895, aka mai da shi gida. Ya rasu ran 29 ga Satumba, 1925.

Shi dai baƙo ne mai wucewa, bai kafa gida a nan ba. Wanda ya zauna shi ne ƙanensa Charles, haihuwar 1871, wanda ya yi mulki a Jenne ta ƙasar Mali, ya rubuta littattafai a kan garin da kuma Bambarawa. Ɗan Charles ɗin, wato Vincent, aka haife shi a 1913. Ya zama babban masanin Larabci, ya shugabanci cibiyar bincike ta IFAN a Dakar daga 1965 zuwa 1968. A 1977 ya musulunta, ya ɗauki sunan Mansur. Ya rasu a Paris a 2005.