Audu Bako

Audu Bako (1924 – 1980) ɗan sandan Najeriya ne wanda ya kai muƙamin kwamishina, kuma shi ne gwamnan farko na Jihar Kano. Ya riƙe jihar daga watan Mayu na shekarar 1967 zuwa watan Yuli na 1975, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. An fi tunawa da shi saboda madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, da gidan namun daji na Kano, da mayar da dajin Falgore wurin kare namun daji. Yawancin wuraren da ɗalibai da masu ɗaukar hoto da masu yawon buɗe ido suke zuwa a kudancin Kano don ganin ruwa da daji da tsuntsaye, a lokacinsa aka kafa su. Haka kuma madatsun da ya gina suna cikin abubuwan da suka rage ruwan fadamar Haɗeja da Nguru, lamarin da masana suke tattaunawa a kai har yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna a shekarar 1924. Mahaifinsa ɗan sanda ne wanda ya yi fiye da shekara talatin yana aiki. Ya yi karatun farko a makarantar gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce makarantar Midil ta Zariya.

Aikin ɗan sanda

Ya shiga aikin ɗan sanda a shekarar 1942. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, sannan ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya sa ya san yadda masarautu da hukumomin En'e suke tafiyar da mulki, abin da ya yi masa amfani daga baya.

Gwamnan Jihar Kano

A ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi goma sha biyu, aka naɗa Audu Bako gwamnan Jihar Kano. Yana ɗaya daga cikin 'yan sandan da aka ba jihohi a lokacin, tare da Usman Faruk na Jihar Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk na Binuwai da Filato. Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa da masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Sarkin Kano a duk tsawon mulkinsa shi ne Alhaji Ado Bayero.

Ya karɓi jihar ana dab da fara yaƙin basasa, ga ƙarancin ma'aikata masu horo bayan ƙaurar da 'yan kudu da dama suka yi daga Arewa a 1966. Ya kafa majalisar kwamishinoni wadda ta haɗa tsoffin 'yan NPC da tsoffin 'yan NEPU da 'yan kasuwa. Daga cikinsu akwai Maitama Sule, da Tanko Yakasai, da Aminu Dantata, da Inuwa Dutse wanda ya riƙe ma'aikatar gona.

Gwamnatinsa ta yi wa tsarin En'e garambawul, ta ɗauke wasu ayyuka daga hannun masarautu ta mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha. Ya ba da ƙarfi ga karatun mata, inda ya riƙa kafa hujja da koyarwar Shehu Usman Ɗanfodiyo, aka buɗe makarantun firamare da sakandare da na horar da malamai domin 'yan mata. A birnin Kano an yi tituna da ofisoshin gwamnati da dama a zamaninsa.

Madatsun ruwa na Bagauda da Tiga

Babban aikin da ya fi ɗaukar hankalin gwamnatinsa shi ne ruwa. Damina a ƙasar Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran watannin kuwa koguna sukan ƙafe su bar yashi. Manufar ita ce a tare ruwan damina a kudancin jihar, inda ruwan sama ya fi yawa kuma ƙasa take da tudu, sannan a sake shi a hankali zuwa gonaki da rani.

An fara da madatsar Bagauda a shekarar 1969, a ƙasar Bebeji. Sunan wurin ɗaya ne da na Bagauda, wanda tarihin Kano ya lissafa a matsayin sarki na farko. Ruwan wannan madatsa ne aka yi gwajin noman rani da shi a Kadawa. Da gwajin ya yi kyau sai aka shiga aikin madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kai kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48, kuma tafkin da ta tara ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. An tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ana cikin gininta aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974 wanda ya halaka dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel, abin da ya ƙara wa jama'a da gwamnati yarda cewa tara ruwa wajibi ne.

Daga Tiga babbar hanyar ruwa take gangarawa arewa ba tare da inji ba, ta rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi a yankunan Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan shi ne Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara zangonsa na farko a kan hekta 22,000. Da farko alkama aka fi ƙarfafa wa manoma, amma a hankali tumatir da shinkafa da masara da albasa suka samu wuri. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da cinikin shinkafa na Kura duk sun bunƙasa ne a kan wannan ruwa. Bayan saukarsa daga mulki, shirin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

Aikin bai tafi ba tare da asara ba. Dubban mutane sun tashi daga garuruwansu da gonakinsu na gado saboda tafkin Tiga, aka sake tsugunar da su a wasu wurare. Ruwan da ke kwance a hanyoyin ban ruwa ya kuma zama matattarar sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. A watan Agusta na 1988, shekara takwas bayan rasuwarsa, madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka.

Namun daji da yawon buɗe ido

Tun a 1967 gwamnatinsa ta fitar da shirin farko na bunƙasa yawon buɗe ido a jihar. Tunanin shi ne madatsun su zama wurin shaƙatawa baya ga noma. Don haka aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma gina wani a kan dutse a Tiga mai suna Rock Castle, daga inda ake hango tafkin da duwatsun da suka kewaye shi. A shekarun 1970 da 1980 otal ɗin Bagauda ya kasance wurin taruka da hutun ƙarshen mako ga ma'aikata da baƙi 'yan ƙasashen waje.

A birni kuwa an kafa gidan namun daji a farkon shekarun 1970, wanda mutanen Kano suka fi sani da Gidan Zu, har titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunan. Ga yara da yawa na Kano da maƙwabtan jihohi, a nan suka fara ganin zaki da giwa da raƙumin dawa da idonsu. Makarantu suna kai ɗalibai, kuma a lokacin bukukuwan Sallah wurin yakan cika maƙil, masu hoto suna bin iyalai suna ɗaukarsu.

Dajin Falgore, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano, Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a matsayin gandun daji a shekarun 1940. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Audu Bako, aka ɗaga shi ya zama wurin kare namun daji. Yana kan hanyar Kano zuwa Jos, kimanin kilomita 150 daga birni, kuma ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Faɗinsa ya kusan murabba'in kilomita 1,000. Ƙasar dajin ta bambanta da ta arewacin Kano: akwai itatuwan doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, da manyan duwatsu da ƙoramu. An san shi da gwanki da gada da gwaggon biri da dila da tsuntsaye iri-iri. Kare dajin yana da alaƙa kai tsaye da madatsar Tiga, domin Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a tafkin. Idan aka sare itatuwa, zaizayar ƙasa takan ƙaru, laka ta riƙa cika madatsar.

Waɗannan wurare uku, wato Bagauda da Tiga da Falgore, suna jere ne a kudu da birni, ta yadda ƙaramar tawaga za ta iya zagaya su cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga mai son ganin namun daji ko ɗaukar hotonsu, rani ya fi dacewa, lokacin da ciyawa ta bushe kuma dabbobi suke taruwa a bakin ruwa da sassafe da yamma. Da damina kuwa dajin yakan yi kore shar, amma hanyoyin cikinsa sukan yi wuyar bi.

Tasirin madatsun a fadamar Haɗeja da Nguru

Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake malala a fadamar Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are, ragowar ruwan ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kafin madatsun, ambaliyar kowace shekara takan shimfiɗu a fadamar, manoma su shuka shinkafa, masunta su kama kifi, makiyaya su samu ciyawa idan ruwa ya janye. Fadamar kuma mafaka ce ga ɗimbin tsuntsayen ruwa da ke tasowa daga Turai a lokacin hunturu, abin da ya sa masu nazarin tsuntsaye da masu ɗaukar hotonsu suke zuwa wurare irin su Dagona da Baturiya.

Bayan kammala Tiga, sannan madatsar Challawa ta Karaye a 1992, faɗin ƙasar da ambaliya take rufewa ya ragu ƙwarai, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 shi ma yana da hannu a ciki. Sakin ruwa daga madatsun duk shekara ya kuma sa wasu hanyoyin kogi ba sa bushewa da rani, sai ciyawar kacala ta mamaye su ta toshe, ruwa ya riƙa cin wasu garuruwa yana ƙaurace wa wasu. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin ruwan a wurare biyun, suka nuna cewa abin da fadamar take samarwa na noma da kifi da itace daga kowane ma'aunin ruwa ya fi abin da noman rani na Kogin Kano yake samarwa. Wannan bincike ya shahara a duniya a matsayin misali na yadda babbar madatsa take amfanar na sama ta rage rabon na ƙasa. Masu kare aikin kuwa suna nuni da ruwan sha na birnin Kano da dubban iyalan da suke rayuwa da noman rani. An sa wani ɓangare na fadamar cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a shekarar 2000.

Sauka daga mulki da rasuwa

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yuli 1975 wanda ya kawo Janar Murtala Mohammed, aka naɗa Kanar Sani Bello a madadinsa. Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsoffin gwamnoni goma sha biyun. Biyu kaɗai aka wanke, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Bako yana cikin goman da aka samu da laifi. Bayan ya bar aiki ya koma noma, ya rasu a shekarar 1980.

Abin da ya bari

An sa wa wurare da dama sunansa, ciki har da sakatariyar gwamnatin jiha, da gidan namun daji na Kano, da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta, da wani babban titi a birnin Kano. Ana yawan kiransa uban noman rani na jihar.

Wuraren shaƙatawar da ya kafa ba su samu makoma ɗaya ba. Otal ɗin Bagauda ya zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Dajin Falgore ya sha fama da farauta da saran itace da kiwo ba bisa ƙa'ida ba, daga baya kuma ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi maɓoya, har rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaga wasu dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, kuma Falgore da fadamar Haɗeja duk suna cikin jerin.