Babban Gwani Malam Mika'ilu, Maginin Sarakuna

Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, shi ne maginin da ya fi kowa shahara a ƙasar Hausa cikin ƙarni na 19, har laƙabinsa na Babban Gwani ya danne sunansa na yanka. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka danƙa masa ginin Masallacin Juma'a na Zariya. Shi ake jingina wa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, na shekarar 1860.

Kayan aikinsa ba su wuce abin da ƙasa ta bayar ba: tubali, da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, da makuba ta kwasfar ɗorawa. Da azara ya lanƙwasa bakan gizo, ya ɗora tulluwa a kai, rufi ya yi nisa da kan masallata. Masu kallo sukan tsaya ga kyan wannan aiki, amma hikimar ta fi gaban ado. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba. Iska mai ɗumi kuma tana hawa sama ta bar sahu cikin sanyi. Ko a tsakiyar bazara, gini irin wannan ba ya jiran wutar lantarki kafin a zauna cikinsa, abin da ɗakin kwano da siminti bai taɓa iyawa ba.

Sai dai ginin ƙasa yana da hakki a kan masu shi: yaɓe kafin damina, da gyaran indararo. Inda aka shafe shi da siminti don gudun wannan wahala, laima takan maƙale a ciki ta ci bangon a ɓoye.

A shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da sabon gini na kankare. Masanin gine-gine Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya auna shi daki-daki, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashe na tsohon rufin ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan Babban Gwani.